Notunan da Baba Ya Bari

Litinin, 6 ga Mayu

Yau kwana na uku Baba yana asibiti. A gareji ya faɗi ranar Asabar da hantsi. Kawu Dogo, bakaniken da rumfarsa ke jikin ta Baba, shi ya ji ƙarar faɗuwar sifana ya leƙo. Ɓarin dama duk ya shanye. Likita ya yi bayani mai tsawo, ina ta gyaɗa kai, ban riƙe ko rabi ba.

Magana ɗaya ta rage a bakinsa: "Ba komai." A ce sannu, ba komai. Za ka sha ruwa, ba komai. Na sunkuya na ce, "Baba, ni ce, uwarka," don Uwata yake kirana tun ina ƙarama. Ya dube ni sosai, ya yi ta kokawa da leɓensa, can ya ce ba komai. Sai na fita baranda.

Hannun hagunsa kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yana ta murza iska kamar mai juya wani abu.

Talata, 7 ga Mayu

Nas ta ce jininsa ya ƙi sauka saboda hankalinsa ba a kwance yake ba. Umma ta ja ni gefe ta ce ita ta san ko mene ne. "Motar matar nan Mai Ƙwai ce. Kafin ya faɗi ba shi da zance sai nata. Ba ki ga hannun ba? Noti yake ɗaurewa. Ki je ki ga yadda za a yi a rufe injin nan."

Ni? Lissafi nake koyarwa a aji uku. Mu huɗu ne duk mata, ni ce babba, shi ke nan dalilin. Rabona da garejin tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya ina miƙa masa sifana.

Na je bayan an tashi makaranta. Farar bas ce, injin a buɗe. Kan injin, wanda suke cewa tof, yana kan benci a nannaɗe da tsohon zanen Umma (ashe nan ya tafi, ta yi wata tana nema). Sabon gasket a ledarsa, rataye a ƙusa. Kofin shayinsa har ya yi fata.

Komai ya kammala, sai ɗaurewa. To amma notunan ɗaurewar kashi uku na tarar. Ga tsofaffin da ya kwance, ya soke su a kwali, ya rubuta ɗaya zuwa goma da hannunsa. Ga sabbi fil a kwalinsu, an farke bakin, an zaro guda ɗaya an ajiye gefe. Can ƙarshen benci kuma wasu a ƙunshe a tsumma, ba su da kai ma, zare sama zare ƙasa, kowanne da macen notinsa.

Wanne zai sa? In sabbin ne, me ya sa ya adana tsofaffin haka kamar ƙwai? In tsofaffin ne, me ya kai shi sayen sabbi?

Laraba, 8 ga Mayu

Kawu Dogo ya zaunar da ni a kan taya ya yi mini karatu. Gasket shimfiɗa ce tsakanin tof da gangar injin, ita ke hana ruwa da baƙin mai da wuta haɗuwa. Notunan nan goma su ke danne ta. In dannewar ba ta yi daidai ba, ta sake ƙonewa, wataƙila ta tafi da injin gaba ɗaya.

Na ce to wanne za a sa.

"Tsofaffin mana, 'yata. Shekara talatin ina mayar da tsoho. A wanke da fetur, a shafa mai, a ɗaure. Ƙarfe ne fa, ba roba ba."

Na ji daɗi, na ce to bismillah. Sai ya sosa ƙeya. Wai shi da Baba sun fi shekara ashirin suna musu a kan wannan maganar, har sun taɓa yin sati ba gaisuwa. "Ni zan ba da hannu, yini ɗaya na gama. Amma aikinsa ne, sunansa ne a kai. In ya tashi ya ga na zaɓa masa noti, wallahi da ƙafar hagun zai bi ni. Ke za ki zaɓa."

Na yi dariya. Ban san me ya ba ni dariya ba.

Alhamis, 9 ga Mayu

Shagon kayan gyara. Mai shagon, wani mai gilashi da ke duban mutum ta saman gilashin, ya gane kwalin tun daga nesa. Shi ya sayar wa Baba ranar Juma'a.

Ya ce kada in kuskura in saurari Dogo. Wai notin irin wannan injin da gangan aka yi shi ya miƙe in an ɗaure, miƙewar ce ƙarfinsa, kuma in ya miƙe sau ɗaya ya gama aiki. Na ce ƙarfe yana miƙewa? Ya ce ƙwarai. Na nuna masa marasa kan. Ya jujjuya ɗaya ya ce ai waɗannan sun ma fi, masu tseren mota su suke sawa, amma ba daga shagonsa suka fito ba.

To. Na shiga da tambaya ɗaya na fito da uku.

Ina bakin ƙofa ya ce, "Af, Malama. Babanki ya kira ni ranar Asabar da safe, sau biyu. Ina hanya ban ɗauka ba." Na ce me zai ce maka? Ya ce ina zai sani.

Juma'a, 10 ga Mayu

Lokacin hutun tara na zauna a ofishin malamai ina bincike a waya. Wani ya ce a sake amfani da tsoho ba laifi in an auna. Wani ya ce duk wanda ya yi haka mahaukaci ne. Wani ya ce a shafa mai a zaren, na ƙasansa ya ce kada a shafa. Duk kuma da ƙarfin gwiwa suke magana.

Na shiga aji na rubuta kusurwa ɗari da tamanin a ƙarƙashin zanen da kowa ke gani casa'in ne. Sai da 'yan aji suka yi ta ƙus-ƙus na lura.

Asabar, 11 ga Mayu

Dabara ta zo mini, na ɗauka mai kyau ce. Na sa guda ɗaya daga kowane kashi a jaka na tafi asibiti. Tunda ba zai iya faɗa ba, ai zai iya nunawa.

Na jera su a kan bargo. Idonsa ya buɗe, wallahi tun da ya kwanta ban ga ya dubi wani abu haka ba. Na ɗaga tsohon. "Baba, wannan?" Ba komai. Mara kan. Ba komai. Da na ɗaga sabon sai ya miƙo hagu ya karɓa. Ya riƙe shi, ya bi shi da babban yatsa daga kai har ƙarshe, ya tsaya a ƙarshen yana dannawa. Yana dubana, yana dannawa. Wuyansa har jijiya ta fito. Sannan ya sake shi ya faɗi ƙasa, ya juya fuska bango. Hawaye ta gefen ido.

Umma ta ce, "Kin gani, shi ya zaɓa."

Na ce ko kuwa jefar da shi ya yi?

Nas ta shigo ta ga ƙarafa a kan gadon mara lafiya, ta wanke ni tas. Na cancanta.

Lahadi, 12 ga Mayu

Zaɓa ya yi ko jefarwa. Har a salla tunanin da nake yi ke nan.

Litinin, 13 ga Mayu

Mai Ƙwai ta zo garejin da kanta. Dattijuwa ce, ga fara'a, amma gajiya ta bayyana a fuskarta. Ta fara da tambayar jikin Baba, ta daɗe a kai, sannan ta ce a keken haya take rarraba ƙwai yanzu, jiya kiret huɗu suka fashe a rami ɗaya, shaguna biyu sun koma wajen wani. "Ba matsa miki nake ba, 'yar nan. Amma in ya wuce Asabar dole in sa a ja ta."

Sai ta faɗi abin da ban sani ba. Wannan ne karo na biyu. Wata huɗu da suka wuce wani gareji ya canza mata gasket ɗin, ya mayar da notunan da ya kwance, ga shi ya sake ƙonewa. Shi ya sa ta kawo wa Baba.

Na dubi Kawu. Ya ce, "To ai ba su iya ɗaurewa ba ne." Amma a hankali ya faɗa, yana kallon takalminsa.

Tsofaffin sun fita ke nan. Sabbi. Gobe. Na ji sauƙi har na ci abinci sosai.

Talata, 14 ga Mayu

Na roƙi shugabar makaranta rabin yini.

Kawu ya shimfiɗa gasket, muka ɗora tof mu biyu (nauyi!), ya fara zura sabbin da hannu. Ya murza na farko har ya tsaya. Ina tsaye ba aikin yi sai na sa yatsa na taɓa zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin kan notin, wasa suke ce masa. Ya juya. Sakwaf, kamar awarwaro.

Na ce, "Kawu, haka ya kamata ya yi? Notin ya tsaya amma bai danne komai ba."

Ya taɓa. Ya ce datti ne a ramin, in an sa sifana zai shige. Ko a ƙara wasa ɗaya-ɗaya, an wuce wurin. Ya ɗauko doguwar sifana.

Na ce a dakata. Ban san daga ina muryar ta fito ba. Ya ce, "Malama, jiya ke kika ce sabbi." Na ce na sani. Ya ce to yanzu me kike so? Na ce ban sani ba. Ya ajiye sifanar da ƙarfi ya koma rumfarsa.

Na buɗe durowar Baba na sami ma'auninsa mai baki kamar na kada. Wannan kam na iya, muna da irinsa a ɗakin gwaji. Sabon ya fi tsohon tsawo da milimita bakwai. Na yi murna minti ɗaya, na ce na kama. Sai na tuna an ce tsofaffin sun miƙe. In sun miƙe ai su ya kamata su fi tsawo. Ko kuwa? Na auna duk goman. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai milimita ɗaya ba. To asalin tsawon nawa ne? Wa zan tambaya? Wanda ya sani yana kwance yana cewa ba komai.

Na zauna a kan tayar har aka kira la'asar. Hijabina duk baƙin mai.

Laraba, 15 ga Mayu

Kawu ya zo da kansa da safe, ba wanda ya ta da maganar jiya. Muka sauke tof. Ya ce gasket ɗin bai lalace ba tunda ba a matse shi ba. Muka share ramukan goma, kuma gaskiyarsa, biyu akwai baƙin mai a ciki. Na zura waya na auna zurfin kowanne, na haɗa da kaurin tof da na gasket da na wasa a bayan ambulan. Sau uku na yi lissafin. Ko ramin ya fi madubi tsabta, sabon notin zai taɓa ƙasa kafin ya danne.

Na nuna wa Kawu. Ya ce shi bai san lissafi ba, amma da ya sa ƙarfi jiya da zaren ramin ya tsinke, ko gangar ta tsage. Ya ce, "Allah ya kiyaye."

Na kwafi lambar da ke jikin injin na koma wajen Mai Gilashi. Da farko ya ce ba zai yiwu ba, sunan motar ne a jikin kwalin, ga shi. Na ajiye masa ambulan. Ya duba littafinsa, ya duba waya, ya kira wani. Ashe motar iri ɗaya ce amma injin iri biyu ne, an canza a tsakiyar shekara, notin na bayan ya fi tsawo. Na wannan ba shi da su, sai an aiko, ranar Asabar in Allah ya so. Ya cire gilashin ya ce, "Shi ya sa ya kira ni ke nan."

Wataƙila. Ni ma haka nake so ya zama. Amma wataƙila wani abu dabam zai tambaye shi.

Marasa kan kuwa, da na sake nuna wa Kawu ya kalle su da kyau sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Na injin ban ruwa ne da aka kawo bara. Kwana nawa ina yawo da ɗaya a jaka tare da jan birona.

Kashi uku, babu na ƙwarai ko ɗaya.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na gaya wa Baba duka, a hankali, har da milimita bakwai. Na ce, "Ƙarshen kake nuna mini ranar, ko? Ya yi tsawo?" Ya dube ni. Ba komai.

Umma ta ce in bar shi haka.

Asabar, 18 ga Mayu

Notunan sun iso da azahar. Ban bar shagon ba sai da na auna duk goman a kan kantarsa, mutane suna jira a bayana. Sun gaza tsofaffin da kaɗan, ƙasa da milimita ɗaya. Daidai da abin da ya kamata, in dai na fahimta. In dai.

Akwai takarda a kwalin. A shafa mai kaɗan a zaren. A fara daga tsakiya a yi waje. A ɗaure da sifanar awo har ta yi ƙas, sannan kowanne a ƙara masa digiri casa'in, a zagayo, a sake ƙara casa'in. Kawu ya ce shi hannunsa ne ma'auninsa. Na ce Kawu don Allah. Na fito da ma'aunin kusurwa na allo da farin ruwan goge rubutu, na ɗiga alama a kan kowane noti. Ya ce yau ya ga ikon Allah, an mayar da shi ɗan aji uku.

Zagayen farko lafiya. A na biyu, a noti na huɗu, Kawu ya tsaya a rabi. Gumi a goshinsa. "'Yata, wannan ya yi laushi a hannuna. In na ƙara zai karye."

Takarda ta ce casa'in. Mai Gilashi ya ce miƙewar ce ƙarfinsa. Mutumin da ya shekara talatin yana wannan aikin ya ce zai karye. Mai Ƙwai tana zaune a benci da carbi tana kallonmu.

Na ce, "Ƙarasa shi."

Ya ce, "Ke kika ce."

Na ce ni na ce.

Ya ja a hankali. Farin ɗigon ya tafi, ya tafi, ya tsaya inda ya kamata. Bai karye ba. Sauran shidan ban san yadda suka wuce ba.

Sai wajen biyar da rabi ya gama haɗa sauran kayan, ya zuba ruwa da mai. Motar ta yi tari sau biyu ta tashi. Muka bar ta tana aiki rabin awa, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba, ba farin hayaƙi, ba kumfa a ruwan. Mai Ƙwai ta rungume ni da baƙin man da komai.

Na tambayi Kawu, shi ke nan mun yi daidai? Ya ce gasket ba ya faɗin gaskiya ranar farko, sai an yi wata uku ana ɗaukar kaya. Wata uku!

Na ɗauki ƙarar injin a waya.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na kunna wa Baba ƙarar a kunne. Na ce, "Baba, motar Mai Ƙwai ce. An rufe. Ta tafi."

Ya lumshe ido ya saurara har ta ƙare. Gefen bakinsa na hagu ya ɗan ɗaga. Umma ta fara hamdala.

Sannan hannun ya ci gaba da murza iska, kamar yadda yake yi tun ranar farko.

Na tambayi likita. Ya ce yana iya zama yana nufin wani abu, yana iya zama motsi ne kawai. Jinin ya sauka, amma ya ce sun canza magani ranar Alhamis. Don haka ban san ko motar ce ba. Ban san ko ta taɓa zama motar ba. Umma ta ce ita ce. Ban yi mata musu ba.

Laraba, 22 ga Mayu

Duk farar bas da na gani a titi sai na leƙa bayanta ko tana hayaƙi.

Litinin, 27 ga Mayu

An sallami Baba. Mun saukar da katifarsa falo saboda matakala. Mai gasa masa jiki za ta riƙa zuwa sau uku a mako. Ya sami kalma ta biyu, "to". Ƙannena suna ta murna a waya kamar ya yi huɗuba.

Mai Ƙwai ta aiko da kiret biyu. Direbanta ya ce mota lafiya lau. Kwana tara ke nan.

Asabar, 1 ga Yuni

Na je share garejin, ƙura ta yi yawa. Na wanke kofin, na jera sifanu bisa girma, na rufe benci da leda. Sharewa kawai na je yi.

Ina cikin yi wani mutum ya tsaya da jar mota, ya ce shekara tara Baba ke duba masa ita, ya ji abin da ya faru, yaushe zai dawo? In sati biyu ne ko uku zai jira, ba gaggawa.

Na buɗe baki in ce masa ya jira. Sai na ji ina cewa, "Ga Kawu Dogo nan, ka kai masa. Hannunsa yana da kyau. Ka ce ni na turo ka."

Ya ɗan tsaya yana dubana, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ja motar zuwa rumfar gaba. Kawu ya ɗago ya kalle ni daga can.

Da na koma gida Umma ta tambaya ko an zo neman Baba. Na ce mutum ɗaya. Ta ce me na ce masa. Na ce ruwan wankan Baba ya yi zafi, bari in sirka.